Tsoron da Ake Wa Babur Mai Caji, da Wanda Ya Kamata a Yi

Tun da bidiyon babura masu ci da wuta ya fara yawo a WhatsApp, magana ɗaya ake nanatawa a majalisun zango daga Salaga har Bawku: wai babur mai caji yana ƙona mita, yana lashe kuɗin wutar wata guda a dare ɗaya, in an yi rashin sa'a ma ya tashi da gida. Ba na ganin laifin mai tsoro. A nan arewacin Ghana babur shi ne ƙafar malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da mai kai doya kasuwa, kuma a cikin gida yake kwana. Abin da ke ba ni haushi, an ajiye tsoron a kan mita, wadda ba abin da zai same ta, an bar wuraren da haɗarin yake babu mai dubawa.

A ɗauki duro da tiyo. Batir shi ne duron, caja kuma tiyon da ke zuba masa ruwa. Girman duro daban, kaurin tiyo daban, kuma mutane na cakuɗa su. Batirin da aka fi gani a matsakaitan baburan nan shi ne mai bolt 72 da amfiya-awa 40. In ka ninka su za ka samu yunit uku ba kaɗan, irin yunit ɗin da mitar kamfanin wuta na NEDCo ke ƙirgawa. Wannan shi ne girman duron. Cajar da ke zuwa da shi kuwa, mai amfiya 10, abin da take ja daga bango bai kai wat 1,000 ba. Dutsen guga na lantarki ya fi ta ja. Butar dafa ruwa, wadda ake jonawa kullum da asuba ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, ta ninka ta. Soket mai rami uku da muke da shi a Ghana an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13 a kan bolt 230, wato kusan wat 3,000. Duro komai girmansa ba ya fasa famfo. Sai dai a daɗe ana tara. Tiyon siriri ne, shi ya sa cika duron ke ɗaukar awa huɗu zuwa biyar.

To, a cikin waɗannan awoyin ne matsalar take. Mai guga minti ashirin ya gama, kuma dutsen kansa yana ɗaukewa yana dawowa. Caja ba ta hutawa. Duk inda waya ta yi siranta ko joni ya yi sako-sako, zafi na taruwa a wurin sannu a hankali har awa huɗu, galibi mutane na barci. Ka ɗauki ekstenshin ɗin nan mai araha da ake sayarwa a bakin tasha, ka juya shi ka duba. Wayarsa ba ta kai tsinken tsire kauri ba, in ka feɗe ta wani lokaci ka tarar farin ƙarfe ne aka shafa wa launin jan gaci. Wanda ya sha wuya za ka ga bakin ramukansa ya yi ruwan ƙasa, robar ta ɗan lotsa, yana wani ƙarni-ƙarni kamar na kifi. Sannan ga ɗabi'armu ta zura murfin biro ko ɗan makulli a ramin sama don a tura filogi mai ƙafa biyu. Ya shiga, amma bai kama ba, yana rawa, yana tartsatsi a ciki. A unguwannin da ke ƙarshen layi, inda wuta ke yin ƙasa da magariba har fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, cajar kan ƙara jan amfiya don ta cike giɓin, wayar ta ƙara ɗumi.

Maganin wannan bai kai kuɗin taya ɗaya ba: soket guda na bango mai kyau, da waya mai kauri, a sa shi inda babur zai tsaya, caja ta shiga kai tsaye. Tun 2011 akwai dokar wayarin da ta ce mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ne zai yi wa gida aikin wuta. Kowa ya san yadda ake bin ta. Yaron maƙwabta da ya iya riƙe fulaya shi ne injiniyan unguwa.

Batirin kansa ma yana iya kamawa, kuma wannan ita ce wutar da ake gani a bidiyo. Batirin litiyam ba ya son zafi. Masu ƙera shi sukan ce kada a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. A Bawku, a watan Maris da Afrilu, iskar gari kawai takan haura 40. Ka dawo daga Garu da rana tsaka, ka ɗauko buhun albasa, batir ya yi aiki ya gasu, ka tura babur cikin shagon kwano ka jona nan take: ka haɗa masa zafi uku. A bar shi a inuwa ya huce kamar awa guda, kuma in da hali a yi cajin da sassafe ko bayan isha'i, lokacin da mutum yake farke. A Indiya, a bazarar 2022, baburan lantarki sun yi ta kamawa har kamfanoni irin su Ola da Okinawa suka janye dubbai daga hannun masu saye don a duba su. A birnin New York, a 2023, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 daga batiran litiyam, mutum 18 suka rasu, kuma abin da ake yawan tararwa shi ne batir mara inganci, ko wanda aka buɗe aka yi wa kwaskwarima, ko caja wadda ba tasa ba.

Waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi damuna, don na san halinmu. Cikin kowane batirin kirki akwai wani ɗan allo mai lura da zafi da cika, shi ke yanke wuta in abu ya wuce gona da iri. Ranar da ya fara yankewa, mai babur zai je wurin bakanike, bakanike kuma, da kyakkyawar niyya, ya ce bari in haɗa maka kai tsaye. Ya cire mai gadin ke nan. Haka cajar aro: bakinta ya shiga, amma bolt ɗinta na wani batir ne. Mai saye ya tambayi irin batirin. Wanda ake rubuta wa LFP ya fi jure zafi, ko da yake ya ɗan fi nauyi. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya lotse, ko ruwa ya shige shi, an gama da shi.

Sai wurin ajiyewa. Saboda ɓarayi, a zaure ake kwantar da babur, kuma a yawancin gidajen zango zauren nan shi ne ƙofa ɗaya tilo. Wutar litiyam tana tashi cikin daƙiƙu, hayaƙinta guba ne, bokitin ruwa ba ya kashe ta, takan mutu ta sake tashi. In ta kama a zaure ta rufe wa kowa hanya. Gara a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, nesa da katifa da galan ɗin fetur. In ta kama, a fitar da mutane a kira 192.

Maganar kuɗi kuwa, masu gida suna da 'yar gaskiya. Cika batir ɗaya, da abin da ke salwanta a caja, kamar yunit uku da rabi ne, ya kai ka kilomita 70 ko 80. Babur mai fetur zai sha kusan lita biyu a wannan tafiyar. Kowa ya duba rasit ɗinsa ya yi lissafi. Wutar ba ta kai rabin kuɗin man ba. Amma mai yin caji kullum ya ƙara wa mita kusan yunit 100 a wata. Rangwamen da hukumar PURC mai tsayar da farashin wuta ta ware wa masu ƙaramin ƙarfi ya tsaya ne a yunit 30 a wata, don haka mai ɗaki ɗaya da mitarsa zai fita daga rangwamen. A gidan haya mai mita ɗaya kuma, inda ake raba kuɗi da ƙidayar ƙwai da fanka, rigima ce a kwance. Mai gida zai ce, "Ɗana, wannan abin naka ƙwai nawa za mu lissafa shi?" Yaro ya ce, "Baba, ai bai kai firjin Hajiya ba." Ya kai, har ya wuce. Ƙaramar mita ta ƙirge da ake ɗaura wa soket ɗaya ita ke kashe wannan gardama, kowa ya ga lambarsa da idonsa.

Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba ya ɓata batirin litiyam. In an kawo wuta a jona, in an ɗauke a cire, ko rabi ya samu ba komai. Zancen sai batir ya mutu murus kafin a yi masa caji gado ne daga tsofaffin batiran da. Na litiyam ya fi son a riƙa tsare shi tsakanin kashi 20 da 80, a cika shi ranar tafiya.

A cikin gari, tsakanin Salaga da Kpembe, ko zirga-zirgar kasuwar Yendi, caji ɗaya ya ishi mutum yini har da saura. Doguwar tafiya ce ke tona asirin abin. Daga Tamale zuwa Yendi kusan kilomita 100 ne. Tamale zuwa Salaga kimanin 120. Bolga zuwa Bawku kimanin 80, wato daidai inda batirin ke ƙarewa. Lambar da dila ya faɗa maka an auna ta ne da mutum ɗaya mara nauyi, a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, a hankali. Ɗora mai ɗaki da kaya, bi burji mai gargada, fuskanci iskar hunturu, sai ka zubar da kashi ɗaya cikin uku. Gudu ya fi komai ci, domin turjiyar iska tana ninkuwa huɗu in gudu ya ninku biyu. Mai tafiya a 45 zai wuce mai tsala 70 yana tura nasa. Wanda ya taso daga Garu zai hau tudun Nakpanduri ya tabbata ya iso gindinsa da batir a cike, don hawan nan yana sha kamar ba gobe.

Soket ba wuyar samu yake ba. Shirin kai wuta karkara da aka fara tun 1989 ya kai turaku garuruwa da yawa na kan hanya, kuma da wuya mai shago a Sang ko Kpalbe ko Zebilla ya hana baƙo jonawa in an yi masa sallama an biya. Lokaci ne babu. Awa ɗaya a soket, kana shan shayi kana duban agogo, ta ba ka kamar kilomita 20. Daga Yendi zuwa Bawku ta Gushegu da Nakpanduri kimanin kilomita 200 ne: cika biyu a hanya, zaman awa takwas zuwa goma, ban da tafiyar kanta, ban da yiwuwar ka iso ka tarar an ɗauke wuta. Tafiyar yini ta koma ta kwana. Ga Bawku kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce, garin da rikicin sarauta ya sa hukumomin tsaro suka sha sanya dokar hana fita har da hana hawan babur. Ba wurin da mutum zai so magariba ta riske shi da mataccen batir ba ne. Ƙaramin janareton shago da ƙyar yake ɗaukar cajar, farantin sola mai wat 300 kuma yini guda cur bai fi ya ba ka rabin batir ba.

Inda aka shawo kan wannan, da musayar batir aka yi: ka ajiye wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke, minti biyu ka wuce. Haka Spiro ke yi a Lome da Kwatano, haka Ampersand a Kigali, haka Kofa a Akra da Kumasi da baburinta Jidi. Amma kamfani inda masu babur suka yi cincirindo yake kafa rumfarsa, kuma batirin wannan ba ya shiga baburin wancan. Gwamnati ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan ababen hawa na lantarki a Disamban 2023, a taron sauyin yanayi na Dubai, kasafin kuɗin 2024 kuma ya yafe harajin shigo da motocin lantarki na haya har shekara takwas. An yi tafi. Sai dai yankin da ya fi ko'ina dogara da ƙafa biyu shi ne arewa, kuma abin da yake buƙata bai kai a je Dubai ba: rumfa mai inuwa a tashoshin Bimbilla da Gushegu da Zebilla, da soket goma masu kyau, da mitarsu, da mai tsaro. Majalisar gunduma da ta iya gina shagunan kasuwa ta ba da haya za ta iya wannan. Kafin su waiwayo, mai zuwa biki Bawku daga Yendi ya bar mai cajin a gida ya hau mota.