Da me Indiyawa ke tarbar damina?

A kowace shekara hukumar kula da yanayi ta Indiya kan sa ran damina ta faɗi a jihar Kerala, can kudancin ƙasar, wajen 1 ga Yuni. Daga nan hadari ke bin gaɓar teku ya iso Mumbai bayan kwana goma, ya kai Delhi ƙarshen wata. Sama da kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ƙasar ke samu a shekara yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. Mutanen da suka sha zafin bazara na wata uku ba su tarbar wannan ruwa da baki wofi. Da an fara yayyafi sai a ɗora kasko.

Abin da ake fara soyawa shi ne pakora. Ana kwaɓa garin wani nau'in wake da suke kira besan da ruwa da gishiri da barkono, a tsoma yankakkiyar albasa ko dankali ko alayyafo, a jefa a tafasasshen mai. Ɗan'uwan ƙosai ne, sai dai shi ƙullun ya fi ruwa, kuma kayan lambun ne gaba. A Mumbai na albasa ya fi farin jini, kuma ba a cinsa sai da shayi mai madara da aka tafasa da citta da kadamon, wani lokaci har da kanumfari da masoro. A bakin titi kuwa ga masu gasa masara a kan garwashi, suna goga mata lemon tsami da aka dangwala a gishiri da garin barkono.

Abin mamaki, yawancin kayan nan baƙi ne. Barkono da dankali da masara duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma sun shigo Indiya ne bayan jiragen Fotugal sun iso gaɓar Kerala a 1498. Shayi ma Turawan Ingila ne suka kafa gonakinsa a Assam a shekarun 1830, kuma bai zama abin shan talaka ba sai cikin ƙarni na 20.

Wanda ya tsufa a ƙasar shi ne khichdi, wato shinkafa da ƙananan wake da ake dafawa tare har su yi lugub, a sa kurkur da man shanu. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan da ya zo har Mali da Takedda, ya ambace shi a labarin zamansa na Indiya a ƙarni na 14. A Bengal, ranar da aka wuni ana marka, da wuya gida ya rasa shi, kuma mahaɗinsa soyayyen kifin hilsa ne, wanda ke barin teku ya hau koguna don yin ƙwai a daidai wannan lokaci. Kifi ne mai yawan ƙaya da tsada, amma Bangalawa ba su haɗa shi da kowane kifi.

A gaɓar yamma labarin ya sha bamban. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Yuli gwamnati kan hana manyan jiragen kamun kifi fita, don kifi ya hayayyafa, ga kuma teku ta yi fushi. Shi ya sa matan Goa da Konkan ke tanadi tun da bazara: busasshen kifi, busasshen jatan lande, gishiri, barkono da tsamiya. Mabiya addinin Hindu da yawa kuma kan ƙaurace wa nama a watan Shravan, wanda ke faɗowa tsakiyar damina, don haka kayan lambu da wake ke cika tukwane.

Ba kwaɗayi kaɗai ke kai mutane bakin kasko ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi cancantar lura. Idan kwatoci suka cika suka haɗe da ruwan sha, taifot da amai da gudawa sukan yi yawa. Likitoci kan gargaɗi jama'a su guji yankakkun 'ya'yan itatuwa na kan titi da duk abin da aka haɗa da ruwan da ba a tafasa ba. Abin da ya fito daga wuta yanzu-yanzu ya fi aminci, ko da yake man da aka yi ta maimaita suya da shi yana da tasa illar.

Kerala ce ta fi kai wannan tunani nesa. A watan Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, a da rumbu kan yi ƙasa, aiki ya yi wuya, ciwo ya yi yawa. Sai masu maganin gargajiya na Ayurveda suka tsara wani kunu na shinkafar njavara da hulba da busasshiyar citta da madarar kwakwa da ganyayen magani, ana shansa kwanaki a jere, galibi bakwai ko fiye. Yau ana sayar da haɗinsa a ƙunshe a kantuna da shagunan magani, har ma'aikacin birni da ba shi da lokacin daka yakan saya ya dama da kansa. A jihar Tamil Nadu mai maƙwabtaka kuwa, wanda mura ta kama rasam ake ba shi, romon tsamiya da tumatir da masoro da tafarnuwa, a kurɓa da zafinsa ko a zuba a kan shinkafa.