Tutiya, Mai Fansar Ƙarfe

Duk wanda ya hau Dutsen Dala bayan ɗaukewar damina, ya kai dubansa ga rufin gidaje, zai ga waɗansu kwanuka suna ta ƙyalli, waɗansu kuwa sun yi ja wur, alhali asalinsu ɗaya ne, wato baƙin ƙarfe, wanda Allah Ya ɗabi'antar da shi a kan cewa muddin ya gamu da iska da laima, to, tsatsa ta sami abinci. Magabatanmu ba su jahilci babin kare abu daga laima ba, domin tun da daɗewa magina ke shafe katanga da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa ya zame ya bar ƙasa.

A 1742 wani masani Bafaranshe, Malouin, ya bayyana yadda ake tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don kare shi daga tsatsa, sannan a 1837 ɗan ƙasarsu Sorel ya yi rajistar wannan hikima, aka raɗa mata sunan Galvani, malamin Italiya, wanda ya rasu tun 1798, bai taɓa ganin aikin ba. Ana wanke ƙarfen tas, a nutsar da shi cikin kaskon tutiyar da zafinsa ya kai wajen digiri 450, ya fito sanye da sutura.

To, amma hijabi iri biyu ne. Gwangwanin madara, da kuza ake lulluɓe shi, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, kuma tana tsare shi matuƙar ba ta sami rauni ba. Da zarar an ƙwarzane ta, sai tsatsa ta faɗa wa gurbin da gaggawa fiye da a ce ba a rufe ba. Tutiya kuwa, idan ƙusar kafinta ta huda ta, ruwan sama ya jiƙa wurin, sai wata 'yar wutar lantarki ta gudana tsakanin ma'adinan biyu, tutiyar da ke kewaye ta riƙa cinyewa sannu a hankali, ƙarfen ya kuɓuta. A ganina, nan ne fifikonta yake.

Sai dai wannan sutura a jikin kwanon rufi ba ta kai kaurin silin gashi ba, ranar da ta ƙare kuwa, fansa ta ƙare. Saboda haka, ya kai mai shirin rufi, kada ƙyalli ya ruɗe ka a kasuwa. Tambayi nauyin tutiyar tukuna, kafin ka yi ciniki.