Wasan Othello a Dandalin Makarantunmu: Kishi ne ko Ƙyamar Baƙo?

Daga shekarar 2016 zuwa 2020 hukumar jarrabawa ta WAEC ta sanya wasan Othello na William Shakespeare cikin littattafan adabin Ingilishi, saboda haka duk makarantar sakandaren da ke da ajin adabi a Kabo ko Gwarzo ta sha fama da shi. Sai dai a kan allo aka yi faman, alhali shi wasan kwaikwayo don a gani da ido aka rubuta shi. Manufata a wannan maƙala ita ce in yi bayanin abin da malami zai fuskanta in ya yi niyyar ɗora wasan a dandali da Hausa, a gaban ɗalibai da iyayensu.

An nuna Othello a fadar Sarkin Ingila a 1604. Labarin wani baƙar fata ne, sarkin yaƙin birnin Fenis na Italiya, wanda ya auri Desdemona, 'yar wani babban ɗan majalisa, ba da sanin ubanta ba. Aka tura shi tsare tsibirin Kubrus, matar ta bi shi. A can wani yaronsa mai suna Iyago, wanda ke jin haushin an hana shi muƙami, ya riƙa yi masa raɗa cewa matar tana cin amanarsa da mataimakinsa Kasiyo. Hujjar kuwa ba ta wuce wani hankici ba. Othello ya kashe matarsa, da gaskiya ta bayyana ya kashe kansa.

Fassara irin wannan wasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Har ila yau, a shekarar 1600 aka buga fassarar Ingilishi ta littafin Alhasan al-Wazzan, wato Leo Africanus, wanda ya kawo bayanin Kano da Katsina da Gobir, kuma masana da dama suna ganin Shakespeare ya duba shi kafin ya tsara Othello.

Matsala ta farko ita ce kalmar kishi. Da Bahaushe ya ji an ce wasan kishi, hankalinsa zai tafi ga kishiyoyi da habaici da ban dariya. In malami ya tallata wasan da wannan suna, 'yan kallo za su zo su yi dariya, su yi wa Iyago shewa kamar wani ɗan duniya a wasan tashe. Ta biyun ta fi wannan nauyi. Duk dattijon da ya kalli wasan zai tambaya: me ya hana shi sakinta? Ina waliyyinta? Ina shaidu huɗu, ko kuwa li'ani, kamar yadda Suratun Nur ta tsara? Tambaya ce mai ma'ana, kuma a ganina duk shirin wasan ya rataya ne a kan amsarta.

Amsar tana cikin kashi na farko na wasan, wanda masu gajarta shi suka fi yankewa don su yi saurin kai wa ga hankici. Uban yarinya ya sha gayyatar Othello gidansa yana sauraren labaran yaƙinsa, amma da maganar aure ta taso sai ya ce ba yadda za a yi 'yarsa ta so baƙar fata in ba asiri aka yi mata ba, ya kuma sallama ta. Daga nan Desdemona ba ta da gidan da za ta yi yaji, ba gwaggo, ba kawu, ba wanda zai zaunar da su a bi kadin magana. Shi kuma Othello ba shi da dangi ko ɗaya a ƙasar, kuma ya riga ya ji daga bakin surukinsa cewa bai cancanci matar ba. Iyago ya tarar da wannan miki ne ya fama shi. Wanda ya yanke kashin farko ya mayar da Othello wawa mai saurin fushi kurum.

To, da wace ƙyama za a musanya ta launin fata, tunda masu wasa da 'yan kallo duk launinmu ɗaya? Turawa sun daɗe suna shafa baƙin fenti su fito a matsayin Othello, har zuwa fim ɗin Laurence Olivier na 1965, ko da yake Ira Aldridge ya fito a Landan a 1833, Paul Robeson kuma a 1930. A Afirka ta Kudu, lokacin da John Kani ya fito a Johannesburg a 1987, zamanin wariyar launin fata, ba a bukaci wani ƙarin bayani ba. Indiyawa kuwa, a fim ɗin Omkara na 2006, sun mayar da batun na bambancin asali, suka sa ɗamarar ado a madadin hankici. Hanyarsu ta fi kusa da tamu.

Mu ma muna da maganar asali. A tarihin Kano, Shamaki da Ɗanrimi da Sallama bayin sarki ne masu iko ƙwarai, waɗanda sarki ke amince wa da sirrinsa da makamansa, amma ana tuna musu asalinsu. Haka nan har gobe akwai gidajen da za su ci su sha da mahauci ko wanzami ko makaɗi, ko wanda kakanninsa Maguzawa ne, amma in ya aiko neman aure sai a ce a je a yi bincike, binciken da ba ya ƙarewa. Ni dai shawarata malami ya mayar da labarin zamanin da, ya sa Othello ya zama baƙo jarumi a fadar wani hakimi, kada ya ambaci sunan gari ko gida na gaske, domin a Kabo ko Garo ko Getso kowa ya san kakan kowa.

Sauran gyare-gyaren masu sauƙi ne. Maye da aka sa Kasiyo ya yi ana iya ba da labarinsa da baki. Kisan Desdemona a yi shi bayan labule, murya kawai za a ji, ta haka ba namijin da ya taɓa mace a dandali, kuma na lura abin da ba a gani ba ya fi sanyaya jikin 'yan kallo. Wurin da ba zan so a taɓa ba shi ne na Emiliya, matar Iyago, wadda ta tsaya gaban maza masu takubba ta tona asirin mijinta har ya kashe ta. A ba wa ɗalibar da ta fi kowa murya wannan matsayi, a kuma bar mata maganarta duka.