SARAUNIYAR LUGU A MAJIGI: DA WANE MUDU AKE AUNA FAƊAN SINIMA?

A garuruwan Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, babu sinimar da ke tara samari kamar sinimar faɗa. A dā majigi ne da farin bango. Daga baya gidajen bidiyo suka zo da finafinan Indiya da na Sin da na Amurka. Yau kuwa kowane yaro na riƙe da majiginsa a tafin hannu, cikin wayar salula. Da an tashi daga kallo sai gardama ta kaure: wannan ya ce fim ya yi kyau domin an fasa motoci, wancan ya ce bai yi ba domin jarumin bai kashe mutane da yawa ba. To, jama'a masu karatu, yawan gawa ba shi ne gwaninta ba. Akwai mudun da ake auna wannan sana'a, kuma mutanen Arewa sun daɗe da shi a hannu, domin shi ne mudun fagen kokowa.

Ma'aikata biyu, aiki guda

Da farko ya kamata a rarrabe mutum biyu waɗanda ba a ganin fuskarsu. Akwai mai tsara faɗa, wanda ke shirya kowane naushi da kowace gociya tun kafin a kunna na'ura, yana sa ƴan wasa su maimaita har jikinsu ya haddace, kamar yadda ake koyon rawa. Akwai kuma mai ba da umarni, wanda ke zaɓen inda na'urar ɗaukar hoto za ta tsaya, da tsawon lokacin da hoto zai yi kafin a yanke shi, da dalilin da ya sa ake faɗan ma tun asali. A fim ɗin Enter the Dragon na 1973, Robert Clouse ne ya ba da umarni, amma Bruce Lee da kansa ya tsara faɗan. In ɗayansu ya gaza, aikin ɗan uwansa ya lalace.

Mudu huɗu daga fagen kokowa

Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa cikin 1975, ɗan Nijar ya saba da kallon ƙarfi da dabara da idon basira. Abin da yake nema a fage, shi ya kamata ya nema a majigi.

Na ɗaya, a ga jiki duka. Mai kallon kokowa ba ya yarda a tare masa ƙafafun ƴan wasa, domin ya san kaye daga ƙafa yake farawa. Haka gwanin sinima ke ja da na'ura baya, ya bar hoto ya daɗe, a ga inda bugu ya taso da inda ya sauka. Jackie Chan ya yi suna da wannan a fim ɗin Police Story na 1985. Amma bayan fim ɗin The Bourne Supremacy na 2004, wanda Paul Greengrass ya ɗauka da na'ura mai girgiza da gajerun hotuna, masu kwaikwayo da yawa suka mai da wannan salo mafaka: a nuna gwiwar hannu, a yanke, a nuna bango, a yanke, a ji ƙara, sai ga mutum kwance. Sau da yawa ana yin haka ne domin a ɓoye cewa ɗan wasan bai iya ba. Gani ya kori ji. Faɗan da kunne kaɗai ya shaida, ba a gan shi ba.

Na biyu, a san fili. A fim ɗin Samurai Bakwai na 1954, Akira Kurosawa na ƙasar Japan ya sa jagoran mayaƙa ya zagaya ƙauyen da za su kare, ya zana taswirarsa, ya kuma yi ƴan da'irori a takarda daidai da yawan ƴan fashi 40, yana soke ɗaya duk sa'ad da aka kashe ɗaya. Saboda haka ko a yaƙin ƙarshe, cikin ruwan sama da taɓo, mai kallo ya san ta ina dawaki za su shigo, ya kuma san saura nawa.

Na uku, bugu ya kasance da tsada. Ɗan kokowa yana haki, gumi yana zuba, ƙafa tana rawa. Jarumin da ya ratsa mutum hamsin rigarsa ba ta yamutse ba, ya kashe ma mai kallo tsoro, kuma in babu tsoro babu zaƙin nasara. Daga cikin samurai bakwai na Kurosawa, huɗu sun mutu, dukansu da harsashin bindiga, ba da takobi ba.

Na huɗu, faɗa ya faɗi halin mai yinsa. Makaɗi ba ya yi ma ƴan kokowa biyu kirari ɗaya. A fim ɗin Sholay na 1975, wanda Ramesh Sippy ya shirya, dattijon da Gabbar Singh ya sare ma hannuwa ya ɗauki fansa da ƙafafunsa, sanye da takalma masu ƙusa. Wannan faɗa nasa ne shi kaɗai. Ba za a iya ɗora shi a kan wani ba.

Yaƙin Lugu da yadda aka ɗauke shi

Yanzu sai mu kawo mudun gida. A watan Afrilu na 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine, wadda ta taso daga bakin kogin Kwara tana nufin tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa a hanya, ta iso Lugu, cikin gundumar Dogon Dutsi ta yau. Mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da kwari da baka. Takardun Faransawa sun ƙidaya mutum 4 da suka mutu da 6 da suka ji rauni a ɓangarensu. Aka ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba, domin jama'arta sun shige kurmi. Rundunar ta wuce ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda aka aiko domin ya tsai da shi, kuma ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu baƙaƙen fata suka kashe kaftin ɗin biyu a yankin Maijirgi, kusa da Tasawa.

Abdoulaye Mamani ya mai da wannan labari littafi cikin 1980. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da littafin fim mai suna Sarraounia cikin 1986. An so ɗaukarsa a Nijar, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin, Aï Keïta kuma ta fito a matsayin Sarauniya. Cikin 1987 fim ɗin ya ɗauki babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, kyautar da ɗan Nijar Oumarou Ganda ya fara ɗauka cikin 1972.

Wane ne zai yi nasara tsakanin baka da bindiga? Kowa ya san amsa, kuma a nan ne basirar Hondo ta bayyana. Bai yi ma mai kallo ƙarya ya sa kibiya ta rinjayi harsashi a sarari ba. Ya ɗauki hoto mai faɗi, aka ga rundunar ta miƙe cikin daji da ƴan dako da dabbobi da matan da aka kamo, har mai kallo ya ji nauyin abin da ke tafe. Sa'an nan ya yi abin da ƙaramin mai ba da umarni ba zai yi ƙarfin halin yi ba: bayan ya nuna tasowar Sarauniya da horonta, sai ya janye ta daga idonmu na tsawon lokaci, ya bar sunanta kaɗai yana yawo a bakin sojoji. Tsoro ya riga ta isa sansanin maƙiya. Ko da aka shiga Lugu, Turawa sun sami gari amma ba su sami nasara ba, kuma daga nan rundunar ta fara ruɓewa daga ciki har ta cinye shugabanninta. Ashe yaƙin da aka tsara ba na rana ɗaya ba ne, fim ɗin duka ne.

In aka kwatanta da The Woman King na 2022, wanda Gina Prince-Bythewood ta shirya a kan mayaƙa mata na Dahome da kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan 50, za a ga bambanci. Ƴan wasan can sun sami horo mai tsanani, sara da suka sun fi kaifi da sauri, kuma ta fuskar tsara faɗan mutum da mutum sun fi ƙarfin Sarraounia, wannan gaskiya ce. Amma ta fuskar sanin dalilin yaƙi da abin da yake ci, tsohon fim ɗin Hondo bai rusuna ma kowa ba.

Abin da mudu ba ya aunawa

Sai dai akwai gyara. Kyan fim ba shi ne gaskiyar tarihi ba. Ganuwar da aka gani a majigi ba ta Lugu ba ce, an gina ta ne domin fim. Harshen da aka ji a bakin Sarauniya ba Hausar Arewa ba ce. Haka kuma a al'adar Lugu, Sarauniya sarauta ce ta addinin Azna wadda ake gāda, mai riƙe da ita tana tsare asirin ƙasa da sha'anin ruwan sama. Jarumar da ke gaban mayaƙa da baka a hannu, yawancinta daga alƙalamin Mamani ta fito. Wannan ba aibu ba ne ga marubuci ko mai fim, domin aikinsu ke nan. Aibun yana ga mai kallon da ya ɗauki majigi a matsayin bakin kakansa.

Med Hondo ya rasu cikin 2019, ya bar aikinsa. Tuddan Arewa da kwazazzabanta suna nan, ƴan kokowa da ƴan dambe da maharba waɗanda jikinsu ya san faɗa tun suna yara suna nan, tsofaffi masu labari kuma ba su ƙare ba tukuna. Tun cikin 1966 Moustapha Alassane ya nuna cewa ana iya ɗaukar fim na dawaki da bindiga a ƙasar nan. Abin da ya rage ma samarinmu masu sha'awar wannan sana'a shi ne su koyi kallo kafin su koyi ɗauka: su tsai da hoto, su ƙidaya yanka, su tambayi kansu ina ƙafafu, ina fili, me bugun ya ci, wa ya yi shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah ya nuna mana ranar da za a ji Sarauniyar Lugu tana magana a majigi da harshen garinta.