Aikin Limamin Cocin Anglikan a Gidajen Yarin Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci gidan yari, abin da yakan fara faɗo wa Bahaushe a rai shi ne gandiroba da kulki da gabza. Ba kasafai akan tuna ba cewa akwai waɗansu mutane masu shiga wannan gida da ƙafarsu, ba tare da alƙali ya aika da su ba. Daga cikinsu akwai malaman addini, na Musulunci da na Kirista. Wannan maƙala za ta dubi aikin ɗaya daga cikinsu, watau limamin cocin Anglikan, musamman a gidajen da ke kudu da kogin Kaduna. Manufarta ita ce ta nuna cewa wannan limami yana da iyayen gida biyu, cocin da ya aiko shi da hukumar da ta buɗe masa ƙofa, alhali kuwa amfanin aikinsa duka ya rataya ne a kan yardar mutum na uku, watau ɗaurarre.

2.0 Asalin Aikin

Sunan da Turawa ke kiran irin wannan limami ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ƙaramar alkyabba. An ce wani soja mai suna Martin, a ƙarni na huɗu, ya raba alkyabbarsa biyu ya bai wa wani mabaraci rabi a ƙofar garin Amiens ta ƙasar Faransa ta yau. Daga baya sarakuna suka adana sauran rabin, malaman da ke kula da shi kuma suka sami suna daga gare shi. Sannu a hankali sunan ya koma kan duk limamin da aikinsa yake wajen majami'a, kamar barikin soja ko asibiti ko kurkuku.

A Ingila, inda cocin Anglikan yake cocin hukuma, dokar gidajen yari ta 1823 ta wajabta a ajiye limami, dokar 1952 kuma ta tanadi cewa kowane gidan yari ya kasance da limami daga wannan coci. A Nijeriya kuwa ba haka abin yake ba. Tsarin mulki na 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 kuma ya bai wa kowa 'yancin addininsa. Saboda haka limamin Anglikan ɗaya ne cikin da yawa, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da na Katolika da na ECWA da na Baftis, da kuma limaman Musulmi.

Shi kansa cocin ya kafu a ƙasar Hausa ne ta hannun mishan ɗin CMS. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga bisani mishan ɗin ya koma Wusasa, an kuma buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. A 1954 aka kafa gundumar coci ta Arewacin Nijeriya ƙarƙashin Bishof John Mort, a 1980 kuma aka raba ta uku: Kaduna da Kano da Jos. Bishof ɗin Kaduna shi ne mai bai wa limami lasisin aiki a cikin gundumarsa.

3.0 Muhallin Aikin

Kafin zuwan Turawa, kowane babban sarki yana da Yari, mai kula da ɗaurarru, kuma daga wannan sarauta aka sami sunan gidan yari. Gidajen yarin En'e sun ci gaba da aiki har 1968, lokacin da aka haɗe su da na gwamnatin tarayya. A 2019 wata sabuwar doka ta sauya wa hukumar suna, aka koma kiran wuraren gidajen gyaran hali.

Babban gidan yarin Kaduna yana arewa da kogi ne. A kudu kuwa, wajen Kakuri da Barnawa, akwai wurare biyu masu tsari na dabam. Na farko shi ne buɗaɗɗen gidan yari na Kakuri, wanda aka kafa tun zamanin mulkin Turawa, inda akan ajiye waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci kuma aka ga alamar natsuwa tare da su. Na biyu shi ne gidan horon matasa da ake kira Bosta, wanda dokar 1962 ta tanada domin 'yan shekara 16 zuwa 21. Sunan ya fito ne daga wani ƙauye na Ingila inda aka fara irin wannan horo a 1902. Ke nan, yawancin waɗanda limami zai tarar a nan, ko dai samari ne, ko kuwa mutanen da ake shirya su domin komawa gida.

Ya kamata kuma a lura da halin da unguwannin suke ciki. Kakuri ta bunƙasa ne da masaƙu, tun daga masaƙar Kaduna ta 1957, sa'an nan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, dubban magidanta suka rasa abin yi. Bugu da ƙari, rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa Kiristoci da yawa sun ƙaura zuwa kudu, Musulmi kuma zuwa arewa, har kogin ya zama tamkar iyaka. Amma katangar gidan yari ba ta san wannan iyaka ba, domin a ɗaki guda ake kwantar da ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha.

4.0 Ayyukan Limami

Aiki na farko shi ne jagorancin sujada. Limami yakan bi tsarin littafin addu'o'in cocin, da karatu da wa'azi da waƙoƙi, sau da yawa cikin Hausa, domin ita ce harshen da Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara suka fi tarayya a kai. Shi ne ke ba da Jibin Ubangiji da yin baftisma, amma tabbatar da sabon mai bi aikin bishof ne. A nan akwai buƙatar lura, domin mutumin da ke cikin ƙunci yana iya neman baftisma don kwaɗayin sabulu ko wata alfarma. Limami mai hankali yakan tsawaita koyarwa, kuma ba ya haɗa kyauta da shiga coci.

Na biyu shi ne sauraro. A al'adar Anglikan ba a tilasta wa kowa ya furta zunubinsa a gaban limami a keɓe, amma wanda ya so yana iya yi, limami kuma ya riƙe masa asiri. Sau da yawa abin da ɗaurarre yake so ya faɗa bai shafi laifinsa ba: labarin uwa da ba ta da lafiya ne, ko mata da ta daina zuwa, ko gona da 'yan'uwa suka sayar.

Na uku shi ne sada zumunci. Limami yakan nemi iyayen da suka yi fushi da ɗansu ya ba su haƙuri, yakan kuma jawo ƙungiyoyi irin su Zumuntar Mata su kai ziyara da abinci da tufafi, ba tare da an tambayi mai karɓa addininsa ba.

5.0 Matsalolin Aikin

Babbar matsala ita ce ta zama tsakanin iyayen gida biyu. Ba ya shiga sai da izinin shugaban gidan, ba ya fitar da wasiƙa ko shigar da kaya sai an duba. Idan ya cika kusantar ma'aikata, ɗaurarru za su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, su kama bakinsu. Idan kuma ya cika ɗaukar ƙorafin ɗaurarru, sai a rufe masa ƙofa. Wani lokaci kuma yakan ji abin da zai iya jawo asarar rai, sai riƙon amana da kare rayuka su yi karo a hannunsa. Shi ya sa yakan bayyana wa mai magana iyakar abin da zai iya rufewa tun kafin a fara.

Matsala ta biyu ita ce ta zama da maƙwabcin addini. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce a bar ɗaurarre ya gana da malamin addininsa, kada kuma a tilasta wa wanda ya ƙi. A gari irin Kaduna, kalma guda ta ɓatanci cikin wa'azi tana iya tayar da ƙura. Bishof Josiah Idowu-Fearon, wanda ya riƙe gundumar Kaduna daga 1998 zuwa 2015, ya shahara wajen ƙarfafa wa Kiristoci su fahimci Musulunci, kuma irin wannan sani jari ne ga limamin gidan yari. Alal misali, labarin Annabi Yusufu, wanda aka ɗaure bisa ƙazafi, yana cikin littattafan addinan biyu.

Ta uku ita ce ranar fita. Hausawa kan ce tsohon fursuna, kuma sunan yakan bi mutum har wajen neman aure da neman aiki. Saurayin da ya koyi kafinta ko ɗinki a Bosta yana iya fitowa ba kayan aiki, ba mai ɗaukarsa. A nan ne limami yakan koma ga jama'ar cocinsa ya nemi maigidan sana'a da zai yarda ya karɓe shi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda wannan aiki ya taso daga Turai, da yadda ya sauya kama a ƙasar da ba ta da cocin hukuma. An kuma ga cewa lasisin bishof da izinin shugaban gidan yari suna iya kai limami har cikin ɗaki, amma ba sa buɗe bakin ɗaurarre. Wannan sai an ga mutum ya yi ta dawowa mako bayan mako, ya cika ƙananan alkawura, bai kuma taɓa tona asirin wani ba. A Kakuri da Barnawa, inda kusan kowane ɗaurarre yake da ranar fita, ba a sanin ko aikin ya yi kyau sai bayan an sallami mutum an ga bai dawo ba.