2.3 Karatun Tsara Manhaja a Matakin Digiri na Biyu

A sashen da ya gabata an yi bayanin ma'anar manhaja da rabe-rabenta. Wannan sashe kuwa zai duba yadda ake horar da masu tsara ta, domin ba za a gane matsalolin manhajar Hausa ba sai an san irin karatun da masu rubuta ta suka yi, da kuma wanda ba su yi ba.

A Nijeriya ana neman ƙwarewa a wannan fanni ne a tsangayoyin ilimi na jami'o'i, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan. Ɗalibin digirin farko yakan ɗanɗana fannin ne kawai a kwas ɗaya ko biyu, sai a digiri na biyu ake shiga cikinsa gadan-gadan. Akan fara da darussan aji, waɗanda suka haɗa da ra'o'in manhaja, da hanyoyin gwada ingancinta, da dabarun bincike da ƙididdiga. Bayan nan ɗalibi ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban masu jarrabawa.

Ra'in da aka fi farawa da shi shi ne na Ralph Tyler, Ba'amurken da ya fitar da ɗan littafinsa kan manhaja a 1949. A taƙaice, ya ɗora aikin bisa matakai huɗu: a fayyace manufa, a zaɓi abin da zai kai ɗalibi gare ta, a jeranta shi, sannan a gwada ko an cim ma manufar. A 1962 Hilda Taba ta faɗaɗa matakan zuwa bakwai, ta sa binciken bukatun ɗalibai a farko, ta kuma nuna cewa malamin aji ne ya kamata ya fara aikin, ba jami'in da ke zaune a ofis ba. Shi kuwa Wheeler, a 1967, ya mayar da matakan tamkar da'ira, wato sakamakon gwaji ya koma ya gyara manufa. Idan aka lura, ra'in Taba ya fi dacewa da halin makarantun ƙasar Hausa, amma tsarin da ake bi a aikace daga sama yake gangarowa.

Dalilin haka yana cikin tarihi, wanda shi ma wani ɓangare ne na karatun. A watan Satumba na 1969 aka yi Babban Taron Manhaja na Ƙasa a Legas, inda 'yan ƙasa suka zauna don sake fasalin ilimin da Turawan mulkin mallaka suka bari. Daga shawarwarin taron aka samar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka sake duba ta a 1981, aka kuma fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a 1982. A 1988 aka haɗe wasu cibiyoyi huɗu aka kafa hukumar NERDC, wadda aka ɗora wa alhakin tsara manhajar firamare da sakandare. Ke nan manhaja ɗaya ce ake rubutawa a tarayya, a aika wa malamin Birnin Kudu da na Fatakwal baki ɗaya.

A nan ne batun ya shafi Hausa kai tsaye. Manufar 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare, ta kuma bukaci ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci ban da harshensa. Wannan ya haifar da bukatar manhaja iri biyu: ta ɗan asalin harshe, da ta mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Aikin ba ƙarami ba ne. Mai tsarawa sai ya yanke shawarar ajin da za a shigo da karin sauti da tsawon wasali, da matsayin da za a ba karin harshen Sakkwato ko na Katsina kusa da daidaitacciyar Hausa, da kalmomin da za a koyar da nahawu da su. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya rage wannan matsala ta ƙarshe, sauran kuwa suna nan.

Abin takaici shi ne, hanyar karatun ta raba ilimin gida biyu. Wanda ya yi digiri a Hausa zalla ba ya shiga digiri na biyu a manhaja sai ya fara yin babbar difiloma ta koyarwa, don haka sau da yawa yakan zarce da nazarin harshe ko adabi. Wanda ya ƙware a manhaja kuma zai iya kammala karatunsa, da Ingilishi daga farko har ƙarshe, ba tare da ya taɓa zama a darasin tsarin sautin Hausa ba. Sai ya kasance wannan ya san abin da za a koyar bai san jerantawa ba, wancan ya san jerantawa bai san abin ba. Masu digirin haɗaka na Hausa da ilimi su ne ke iya cike giɓin, in sun ci gaba da karatu.

Ba wai babu abin koyi a gida ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, bayan an zauna an rubuta littattafan lissafi da kimiyya cikin harshen. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishi. Irin wannan aiki, na rubuta kayan koyarwa da gwada su a aji, shi ya fi cancanta da kundin digiri na biyu, fiye da rarraba takardun tambayoyi don jin ra'ayin malamai kawai.

Rashin isassun ma'aikata irin waɗannan yana da sakamako. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida na firamare, amma a 2025 aka soke manufar, tun ba a tanadi littattafai da malaman da za su ɗauke ta ba. Sashe na gaba zai ɗauki manhajar Hausa ta ƙaramar sakandare, ya auna ta da matakan Taba ɗaya bayan ɗaya.