Kwana Shida Na Nema, Ɗaya Na Dogara: Koyarwar Kirista Kan Ranar Hutu

Da yammacin Juma'a, idan motoci suka cunkushe a hanyar Nyanya da Mararaba, da yawa cikin ma'aikatan da suka baro Sakatariyar Tarayya ba hutu suka nufa ba. Wani kabu-kabu zai yi da motarsa, wata shagonta za ta buɗe, hadimin wani babba kuwa ba shi da ikon kashe waya ko ranar Lahadi. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 albashi ya kasa riƙe gidaje da dama, duk da cewa mafi ƙarancinsa ya koma naira 70,000 a 2024. A irin wannan hali, wa zai ajiye yini guda bai nemi ko sisi ba?

Koyarwar Kirista ta ɗaure amsar wannan tambaya da labarin abinci. Littafin Fitowa, sura ta 16, ya ba da labarin Isra'ilawa a jeji bayan barinsu Masar, inda Allah ya riƙa saukar musu da manna kowace safiya. An umarci kowa ya ɗebi na yini guda kawai. Waɗanda suka ɓoye saura suka wayi gari ya yi tsutsa yana wari. Amma a rana ta shida sai a tara ninki biyu, kuma wannan ba ya lalacewa. Waɗanda suka fita nema a rana ta bakwai hannu wofi suka dawo. Malaman Kirista na fassara wannan da cewa hutun Asabar jarrabawa ce ta dogara ga Allah: mai ajiye aiki yana shaida cewa guminsa hanya ce kawai, mai ciyarwa daban yake.

Wannan ba lasisin zaman kashe wando ba ne, domin dokar da ta keɓe rana ɗaya ita ce ta wajabta aikin kwana shida. Haka kuma ba sarƙa ba ce. A Bisharar Markus, sura ta 2, da Farisiyawa suka zargi almajiran Yesu da zagar alkama ranar Asabar, ya nuna musu cewa don amfanin ɗan Adam aka kafa ranar.

Akasarin Kiristoci sun mayar da ranar ibadarsu Lahadi saboda imaninsu cewa a ranar Yesu ya tashi daga matattu, kuma a shekarar 321 Sarkin Rum Kustantin ya ayyana ta ranar hutu a daularsa. 'Yan ɗarikar Adventist, waɗanda suka kafa Jami'ar Babcock a Jihar Ogun, har yau Asabar suke kiyayewa, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar.

Sai dai akwai ɓangaren da ya fi shafar Abuja. A Maimaitawar Shari'a, sura ta 5, umarnin hutu ya haɗa da bayi maza da mata, da baƙo, har da sa da jaki, kuma dalilin da aka bayar shi ne Isra'ilawa su tuna su ma sun taɓa zama bayi. Ke nan nauyin yana wuyan mai iko ne. Daraktan da ke zaune a coci alhali direbansa na gadin mota a rana, 'yar aikinsa kuma na kicin tun asuba, rabin dokar ya cika.

Ƙaramin ma'aikaci ba koyaushe yake da zaɓi ba, don haka ba shi ya kamata a fara tuhuma ba. Wanda ke da ikon ɗage saƙon daren Asabar zuwa safiyar Litinin, shi wannan koyarwa ta fara kira da suna.